KUƊIN TALLAFI AMANA NE: A BAJE MANA LISSAFINSA A FAIFAI

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, duk wanda ya taɓa tsayawa a gindin gadar Kwangila da sanyin safiya, lokacin da motocin Kano da na Kaduna da na Funtuwa suke lodi, ba zai rasa ganin wani ayari da ba ya fashi ba, wato ayarin 'yan garuwa, kowa da kurarsa maƙare da jarkoki, suna kutsawa lungu-lungu. Mun saba da ganin wannan abu har ya daina ba mu mamaki, alhali kuwa ya kamata ya ba mu, domin garin nan da ake tura kurar ruwa a cikinsa shi ne garin da aka karɓo sama da dala miliyan 180 daga ƙasashen waje da sunan shayar da mutanensa.

To, a cikinmu mazauna Kwangila da Tudun Wada da Sabon Gari da Samaru da cikin birni, wa zai iya tashi ya faɗi nawa aka karɓo, daga hannun wa, da wane sharaɗi? Wa ya san unguwannin da aka rubuta za a kai wa bututu, da kamfanin da aka ba aikin, da ranar da ya ɗauki alkawarin gamawa? Abin dariya abin takaici, unguwarmu sunanta Kwangila, amma ba mu taɓa ganin takardar kwangila ko guda ɗaya da aka sa wa hannu da sunanmu ba. Ra'ayinmu a wannan wata shi ne: duk kuɗin da aka karɓo da sunan talakawa, kyauta ne ko bashi, na gwamnati ne ko na ƙungiya, wajibi ne a buga lissafinsa a inda talakawan za su gani, da harshen da suke ji.

RUWAN ZARIYA

Bari mu fara da abin da ya fi kusa da mu. Tun zamanin Gwamna Namadi Sambo, wanda ya mulki Jihar Kaduna daga 2007 zuwa 2010, aka soma babban aikin ruwan Zariya. An raba nauyin aikin gida huɗu. Gwamnatin Tarayya ta ɗauki madatsar ruwa ta Galma da ke Ƙaramar Hukumar Kubau. Gwamnatin jiha ta ɗauki ginin matatar da za ta riƙa tace lita miliyan 150 a kowace rana. Bankin Musulunci na Raya Ƙasashe mai mazauni a Jidda ya ba da dala miliyan 81 domin manyan bututu da tankunan ajiya. Shi kuwa Bankin Raya Ƙasashen Afirka, a shekarar 2012, ya amince da kimanin dala miliyan 100 domin bututun da za su rarraba ruwan cikin unguwanni da kuma ayyukan tsabtar muhalli. An ce aikin zai amfani ƙananan hukumomi bakwai: Zariya, Sabon Gari, Giwa, Kudan, Makarfi, Soba da Kubau. An buɗe matatar a 2017, sannan a watan Agustan 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo da kansa ya ƙaddamar da kashi na biyu.

Ba mu ce ba a yi aiki ba. An gina matata, an binne bututu, wanda ya ce ba a yi komai ba ya yi zalunci a magana. Amma mai gidan da yake sayen ruwan kura kullum safiya yana da haƙƙin ya san inda gizo yake saƙar. Bututun ne bai iso layinsu ba, ko kuwa ya iso ya fashe? Wutar lantarki ce babu a matata, ko kuɗin sinadarin tace ruwa? Unguwarsu tana cikin tsarin tun farko, ko ba ta ciki? Kowace ɗaya daga cikin tambayoyin nan tana da amsa a rubuce cikin wani fayil a wani ofis. Rashin fito da amsar shi ya bar mutane da zato, shi kuwa zato ba ya kawo ruwa, ba ya kuma kama mai laifi.

KYAUTA CE KO BASHI?

Akwai wata kalma da ta daɗe tana yaudararmu, ita ce "tallafi". Idan aka ce a rediyo banki kaza ya tallafa wa jiha da miliyoyin daloli, talaka sai ya ɗauka sadaka ce, ya yi wa masu bayarwa addu'a ya wuce. Alhali kuɗin ruwan Zariya da bankunan nan biyu suka bayar kuɗi ne da za a biya, ko da kuwa sharuɗɗan suna da sassauci kuma wa'adin yana da tsawo. Kuma da kuɗin waje aka karɓa, da kuɗin waje za a mayar. A 2012 ana canza dala ɗaya a kan kimanin naira 160, wato dala miliyan 100 ta kama naira biliyan 16 ke nan. A 2024 dala ta haura naira 1,500, sai ga wannan adadi ya koma naira biliyan 150. Yaron da ake goyo ranar da aka sa hannu, shi zai girma ya tarar da ragowar bashin yana jiransa.

Mun ga abin da wannan ya haifar. A 2017 Bankin Duniya ya amince wa Jihar Kaduna da rancen dala miliyan 350, Majalisar Dattawa ta ƙi amincewa a 2018, daga baya aka amince. A watan Maris na 2024 Gwamna Uba Sani ya shaida wa taron jama'a a Kaduna cewa ya gaji bashin dala miliyan 587 da naira biliyan 85, kuma a cikin naira biliyan 10 da jihar ta samu daga asusun tarayya a wannan watan, an cire biliyan 7 domin biyan bashi. A watan Yunin shekarar wani kwamitin Majalisar Dokokin jiha ya zargi gwamnatin da ta gabata da karkatar da naira biliyan 423, tsohon Gwamna Nasir El-Rufa'i kuma ya musanta zargin. Mu ba alƙalai ba ne, ba za mu yanke wa kowa hukunci a wannan shafi ba. Abin da muke cewa shi ne, da a ce tun ranar farko ana buga shigar kowace dala da fitarta a gaban jama'a, da ba a jira sai manya sun ɓata da juna sannan talaka ya ji labarin bashin da ke wuyansa ba. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma ai ya kamata mutum ya san girman wanda ke cikin nasa.

LISSAFIN YANA NAN, AMMA A INA?

Wani zai ce ai ana bugawa, kuma ya yi gaskiya ta wani ɓangare. A watan Satumba na 2008, a taron da aka yi a birnin Accra na ƙasar Ghana kan ingancin taimakon ƙasashen waje, an ƙaddamar da wani shiri na duniya da ake taƙaita sunansa da IATI, wanda manufarsa ita ce duk mai ba da taimako ya riƙa buga bayanansa a tsari iri ɗaya: sunan aiki, ƙasar da ake yinsa, adadin da aka yi alkawari, adadin da aka saki, da wanda aka ba. A 2011 aka soma aiki da tsarin, kuma hukumomi da ƙungiyoyi fiye da dubu sun shiga. Hikimar tsari iri ɗaya ita ce, kwamfuta za ta iya tattaro bayanan masu bayarwa daban-daban ta jera su a gaban mai bincike, ya ga duk abin da aka ce an kawo wa ƙasarsa a wuri guda. Akwai kuma wata ƙungiya a Ingila mai suna Publish What You Fund da take auna masu ba da taimako ta fuskar bayyana lissafi, kuma a ma'auninta na 2022 da na 2024 sashen Bankin Raya Ƙasashen Afirka mai ba gwamnatoci rance shi ya zo na ɗaya a duniya.

Ka ji fa, ya mai karatu. Bankin da ya ba da kuɗin bututun Zariya shi ne ya zama zakaran duniya wajen bayyana lissafi a 2022 da 2024, amma mutumin Kwangila bai san ko sisin kwabo daga cikin lissafin ba. Dalili a fili yake. An buga shi da Turanci, Turancin ma na masana tattalin arziki, an ɗora a intanet, an kuma tsaya a kan jimlar kuɗi da sunan jiha. Irin wannan bugu yana amfanar ɗan jarida da malamin jami'a, kuma muna yaba shi, domin shi ne tushe. Sai dai ruwan da ya tsaya a babban tanki bai shiga randar kowa ba. Lissafi ma yana bukatar nasa bututun da zai gangaro da shi daga Abidjan da Washington zuwa Kaduna, daga Kaduna zuwa sakatariyar ƙaramar hukuma, daga nan zuwa ƙofar gidan mai unguwa.

Kuma ba wani sabon abu muke roƙo ba, alkawari muke tuni. Nijeriya ta shiga ƙawancen gwamnatoci masu gudanar da mulki a buɗe a 2016, Jihar Kaduna ma ta shiga da sunanta a 2018. Tun 2011 akwai dokar 'yancin samun bayanai, wadda ta ba kowane ɗan ƙasa ikon ya rubuta wa ma'aikatar gwamnati ya nemi takardu, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, ta kuma ba ma'aikatar kwana bakwai ta amsa. Shekara da shekaru wasu jihohi suna cewa dokar ta tarayya ce ba ta hau kansu ba, har sai da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Afrilun 2025 cewa ta hau kansu. Shari'ar kuwa ta taso ne daga Jihar Edo, inda wasu suka nemi hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar ta ba su takardun yadda ta sarrafa kuɗin aikinta. Ashe makamin yana hannunmu, mu ne ba mu zare shi ba.

KO BUGA LISSAFI YANA HANA SATA?

Masu yanke ƙauna za su ce ɓarawon gwamnati ba ya jin kunyar takarda. To, ga labarin Uganda. Wani bincike da aka yi a can ya gano cewa tsakanin 1991 da 1995, a cikin kuɗin gudanarwa da gwamnati take aika wa makarantun firamare, kashi 13 cikin ɗari kacal ke isa makarantun, sauran yana narkewa a ofisoshin gunduma. Sai gwamnati ta soma buga adadin da ta aika wa kowace gunduma a jaridu wata-wata, ta kuma umarci makarantu su manna abin da suka karɓa a allon sanarwa. Da aka sake bincike a 2001, sai aka tarar sama da kashi 80 yana isa. Gaskiya ne an yi wasu gyare-gyare a harkar ilmi a tsakanin, amma masu binciken sun lura cewa makarantun da suka fi kusa da inda ake sayar da jarida su suka fi samun haƙƙinsu. Iyaye da malamai sun san adadin, shi ya sa mai handama ya rasa duhun da zai ɓuya.

Ga kuma na gida. A 2010 gubar dalma ta ɓulla a ƙauyukan masu haƙar zinariya a Jihar Zamfara, ta kashe yara sama da 400. Ƙauyen Bagega na Ƙaramar Hukumar Anka ya daɗe yana jira, domin likitocin agaji na ƙungiyar MSF sun ce ba amfanin ba yara magani matuƙar ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasar garin ba. Gwamnatin Tarayya ta yi alkawarin kuɗi a 2012, amma shiru. Sai wasu matasa, cikinsu har da Hamzat Lawal, suka kafa shirin bin diddigin kuɗi mai suna Follow The Money, suka riƙa yayata adadin da aka yi alkawari da kwanakin da suka shuɗe, wasu ƙungiyoyi suka mara musu baya, har aka saki kuɗin a farkon 2013 aka soma aikin. Waɗannan matasa ba su da bindiga ba su da sarauta, abin da suka riƙe shi ne adadi da kwanan wata.

Akwai wata fa'ida kuma da ba a cika ambata ba: buɗaɗɗen lissafi yana kare mai gaskiya. A watan Fabrairun 2025 wani ɗan majalisar Amurka, Scott Perry, ya yi zargin cewa kuɗin hukumar ba da agaji ta ƙasarsu, USAID, sun kai hannun Boko Haram. Jakadan Amurka a Nijeriya ya ce babu wata hujja a kan haka, amma maganar ta riga ta zagaye majalisu da tashoshin mota, domin mutanenmu ba su taɓa ganin lissafin ba balle su gaskata ko su ƙaryata da hujja. A watan Yulin 2025 aka rufe hukumar, ayyuka da yawa na lafiya da ciyarwa suka girgiza, sannan ne wasunmu suka fara sanin daga ina maganin da suke karɓa kyauta a asibiti yake fitowa. Al'ummar da ba ta san mai ciyar da ita ba, ba za ta iya shirya wa ranar da zai janye hannunsa ba.

MU FARA DA KANMU

Ya 'yan'uwa, wannan magana ba baƙuwa ba ce a wurin Musulmi, ba kuma daga Turawa muka fara jin ta ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani Mai girma, aya ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa masa shaidu ta sauka. Idan an umarci mutum biyu su rubuta abin da ke tsakaninsu, ina ga bashin da aka ciwo da sunan miliyoyin mutane? Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi wa Ibnul Lutbiyya lissafi lokacin da ya dawo daga karɓar zakka, kuma da ya ware wani abu da sunan kyautar da aka yi masa, Manzo ya hau mumbari ya yi wa jama'a bayanin haramcin haka. Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya ƙara masa yarda, shi ya kafa diwani aka rubuta sunayen masu haƙƙi a baitulmali da rabon kowa, kuma yakan ƙididdige dukiyar gwamnoninsa domin ya san abin da suka ƙaru da shi a kan mulki. Sahabbai ne fa ake yi wa wannan lissafi. Saboda haka duk wanda aka tambaye shi lissafi ya ce an zarge shi ko an raina shi, to ya binciki kansa.

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Masallatai nawa ne a garin nan ake zagayawa da asusu kowace Juma'a, amma ba a taɓa karanta wa masallata abin da aka tara da abin da aka kashe ba? Makarantun Islamiyya da gidajen marayu nawa ne suke samun gudummawa daga attajirai ko daga ƙungiyoyin ƙasashen Larabawa, amma lissafin yana cikin aljihun mutum ɗaya? Kuɗin fatun layya, da na buɗa-baki a watan azumi, da na gina rijiya, duk amana ce iri ɗaya da ta dalolin Bankin Duniya. Mun san da yawa daga masu riƙe da su mutanen kirki ne, amma mutumin kirki ma yana mantuwa, yana mutuwa, magada su rasa gane nasa da na jama'a. Sadakar mutum shi kaɗai ana son ɓoye ta, kuma wanda ya ba da gudummawa ya ce a sakaya sunansa sai a sakaya. Haka nan ba a tallata sunan maraya ko mabukaci. Amma jimlar abin da ya shigo da inda ya tafi, wannan haƙƙin jama'a ne. Ranar da muka manna namu lissafin a bangon masallaci, ranar ce za mu sami bakin tambayar kwamishina nasa.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Na farko, gwamnatin jiha ta fitar da jerin duk wani aikin da ake yi da kuɗin waje, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, ta bayyana mai bayarwa, da adadi, da ko kyauta ce ko bashi, da shekarun biya, da kamfanin da aka ba aiki, da abin da aka riga aka biya shi. A sabunta jerin duk bayan wata uku.

Na biyu, a fassara shi da Hausa, da boko da ajami, a karanta a gidajen rediyo, a manna a sakatariya da ƙofar hakimi da ta mai unguwa. Allon da ake kafawa a bakin aiki ya daina tsayawa a kan sunan gwamna da tambarin banki, ya faɗi kuɗin da ranar gamawa.

Na uku, hukumar ruwa ta fito da taswirar bututun Zariya, kowace unguwa ta ga ko tana ciki, ta kuma riƙa sanar da yawan ruwan da matata take fitarwa a kan lita miliyan 150 da aka gina ta domin su.

Na huɗu, bankuna da hukumomin da suke ba da kuɗin su sa wannan a cikin sharuɗɗansu. Wanda ya iya gindaya sharaɗin yadda za a biya shi, zai iya gindaya sharaɗin a sanar da waɗanda za su biya.

Na biyar, matasanmu masu ilmin zamani, ga Jami'ar Ahmadu Bello ga Kwalejin Nuhu Bamalli a garin nan, su zama bututun da muka ambata. Su shiga intanet su zaƙulo bayanan, su fassara, su rubuta takardar neman bayani da sunan ƙungiyar unguwa, su ajiye kwafi, su ƙirga kwana bakwai. A yi shi cikin ladabi da hujja, ban da zagi, ban da ƙazafi.

Na shida, kowane kwamitin masallaci da makaranta ya sami littafin shiga da fita, da rasit, da mutum biyu masu sa hannu, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a aƙalla sau ɗaya a wata.

Mai kaza a aljihu shi ne ba ya jimirin as. Wanda ya riƙe amana da gaskiya babu abin da zai rasa idan aka baje littafinsa, sai ma ƙarin mutunci da addu'a. Akwai ranar da za a buɗe littafin kowa, babu fassara babu lauya, kuma mai hankali shi ne wanda ya saba da buɗe nasa tun a nan. Allah Ya ba shugabanninmu ikon riƙe amana, Ya ba mu ƙarfin halin tambaya da adalcin sauraron amsa, Ya shayar da garinmu, Ya sauke mana nauyin bashi. Amin.